Abin da yaro ya gani yana ƙarami: har ina yake bin sa, kuma ta ina ake fara gyara?

Malam Bashir: Assalamu alaikum. Ina so mu buɗe wata magana da ta daɗe tana zagayowa a wannan zaure. Kullum ana cewa abin da ya sami mutum yana yaro shi ke gina halinsa. To har ina? Idan yaro ya tashi cikin tsawa da duka da rashin mai kula, shi ke nan an gama da shi? In kuma ana warkewa, ta ina ake farawa, kuma me ke sa wasu su shiga neman magani su ƙara rikicewa? Masananmu, bismillah. Don Allah a ba mu abin da za a iya aiki da shi.

Dakta Rakiya: Wa alaikumus salam, Malam Bashir. Bari in fara daga jiki, don kafin abin ya zama hali a jiki yake sauka.

Jariri ba ya iya kwantar wa kansa da hankali. In ya ji tsoro ko yunwa ko ciwo, ƙwaƙwalwarsa tana aika saƙo zuwa wasu 'yan gaɓoɓi biyu da ke zaune a kan ƙoda, su saki sinadaran adrenalin da kotisol cikin jini. Zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya koma sama-sama, jiki ya ɗaure. Da wannan tsarin ake haihuwar mutum. Amma ɓangaren da ke tsayar da shi, wato gaban ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi, ba ya gama ƙosawa sai mutum ya kai wajen shekara 25. To kafin nan fa? Aron natsuwa yaro yake yi daga babba. A ɗauke shi, a rungume, a jijjiga, a yi masa magana a hankali, sai bugun zuciyarsa ya sauka. In aka maimaita haka sau dubbai, jikinsa ya koyi abu biyu: tashin hankali yana da ƙarshe, kuma in na kira ana zuwa.

Akwai gwajin da Edward Tronick ya yi a Amurka a shekarun 1970 da ke nuna wannan ƙuru-ƙuru. Ana zaunar da jariri ɗan 'yan watanni yana fuskantar mahaifiyarsa, su yi wasa. Sai a ce ta ɗauke duk wani motsi daga fuskarta na kamar minti biyu: tana kallonsa, amma ba murmushi, ba magana. Jaririn zai fara yi mata murmushi. Ya ga ba amsa, sai ya miƙa hannu, ya yi 'yar ƙara. Daga nan ya fara banƙarewa, ya kau da kai, ya cusa hannu a baki, ya fashe da kuka. Minti biyu kacal. Da ta saki fuska, sai ya ɗan yi mata fushi-fushi, sannan su koma wasa.

Wannan komawar ita ce inda nake so a lura. Tronick ya ga cewa ko uwa da ɗan da suke lafiya lau, kusan kashi ɗaya cikin uku na lokacinsu ne kawai suke daidai da juna, sauran duk saɓani ne da gyara. Abin da ke yin ɓarna shi ne firgicin da ya daɗe, ya yi ta maimaituwa, kuma ba babban da ya zo ya gyara. Yaron da mahaifinsa ya rasu amma yana da mai riƙe shi da kyau, yanayinsa daban da na yaron da mai riƙon nasa ne abin tsoron.

Malama Hauwa: Dakta ta yi bayanin jiki, ni bari in ɗora da shaƙuwa. John Bowlby a Ingila shi ya kafa maganar, Mary Ainsworth kuma ta samo hanyar aunawa, bayan ta zauna da iyaye mata da jariransu a Yuganda a shekarun 1950 tana nazarin yadda suke. Gwajinta na yara ne masu shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Mataki takwas ne, duka kamar minti 20: ɗaki da kayan wasa, baƙuwa ta shigo, uwa ta fita, ta dawo, ta sake fita, ta sake dawowa. Mutane sukan zaci kukan yaro lokacin fitar uwar ake aunawa. A'a, lokacin dawowarta ake zuba ido.

Yaron da ya amince da ita zai nufe ta, ta ɗauke shi, ya lafa, ya koma wasa. Wani kuma ko ɗaga kai ba zai yi ba, har a riƙa yabonsa wai yaro mai haƙuri. Da aka auna bugun zuciyar irin waɗannan yaran sai aka ga ya hau. Sun dai koyi cewa nuna buƙata ba ya kawo komai, sai suka daina nunawa. Na uku zai manne mata yana kuma ture ta, rarrashi ba ya kama shi, galibi saboda yau a amsa masa gobe a ƙyale shi, sai ya koyi ƙara murya. A 1986 Mary Main da Judith Solomon suka ƙara rukuni na huɗu: yaron da zai taho wajen uwar ya tsaya cak a tsakiyar ɗaki, ko ya taho da baya-baya, ko ya faɗi ƙasa ya rufe fuska. Shi ne wanda wurin gudunsa da abin da yake gudu suka zama mutum ɗaya.

In an girma sai ka ga alamun a aure da abota da wurin aiki: mai janye jiki da zarar an matso kusa da shi, mai buga waya sau goma in ba a ɗauka ba, mai ganin fushi a fuskar da ba fushi. Amma a yi hattara da yi wa mutum tambari. Yara da yawa suna sauya rukuni in yanayin gidansu ya sauya.

Malam Lawal: Malama, gara da kika rufe da wannan gargaɗin, don a nan zan tsaya. Binciken da aka fi jawowa a wannan fage shi ne wanda Vincent Felitti da Robert Anda suka yi a San Diyego ta Amurka tsakanin 1995 da 1997, kan manya sama da 17,000, aka fara buga sakamakonsa a 1998. Sun tambayi mutane abubuwan da suka same su kafin shekara 18, da farko guda bakwai, daga baya aka cika goma: duka, zagi da wulaƙanci, lalata, sakaci da jikin yaro, sakaci da zuciyarsa, sai biyar na cikin gida, wato dukan uwa, mai shaye-shaye a gida, mai taɓin hankali, rabuwar iyaye, da ɗaurin wani ɗan gida a kurkuku. Kowanne maki ɗaya. Kusan kashi biyu cikin uku suna da aƙalla maki ɗaya, kusan mutum ɗaya cikin takwas yana da huɗu ko fiye. Masu huɗu zuwa sama, haɗarin shan giya da ƙwaya da ciwon damuwa da yunƙurin kashe kai ya ninka a cikinsu daga sau 4 zuwa sau 12 a kan waɗanda ba su da ko ɗaya. Har ciwon zuciya da na huhu da na hanta sun ƙaru.

Babban aiki ne, ba musu. Amma yadda ake amfani da shi yanzu yana ba ni tsoro. Mutum ya amsa tambayoyi goma a waya, ya ga maki shida, ya yanke wa kansa hukunci. Makin ba ya bambanta abin da ya faru sau ɗaya da wanda ya shekara takwas yana faruwa. Ba ya tambayar shekarun yaron a lokacin, ba ya tambayar ko akwai wanda ya tsaya masa. Rabuwar iyaye cikin mutunci maki ɗaya, lalata da yaro ma maki ɗaya. Shi kansa Anda ya fito a 2020 ya ce kada a yi amfani da makin wajen tantance mutum guda. A 2021 kuma aka gwada shi da bayanan yaran da aka bi tun suna ƙanana a Niyu Zilan da Birtaniya, aka ga yana nuna haɗari in jama'a ake dubawa, amma wajen faɗin wane ne takamaimai zai kamu da rashin lafiya, da kaɗan ya fi canki-canka.

Sannan ga gado. Uba mai saurin fushi ya ba ɗansa gida mai tsawa, ya kuma ba shi jininsa. Ta yaya za mu raba biyun?

Dakta Rakiya: Tambayar gado tana da ƙarfi, Malam Lawal, kuma akwai abin da ya amsa wani ɓangarenta. Bayan faɗuwar gwamnatin Ceausescu a Romaniya a ƙarshen 1989, duniya ta ga gidajen marayu cike da dubban yara, ma'aikaciya ɗaya ga yara da yawa, ba mai ɗauka, ba mai yi musu magana. A farkon shekarun 2000 Charles Nelson da Nathan Fox da Charles Zeanah suka ɗauki yara 136 daga irin waɗannan gidaje a Bukares, aka yi ƙuri'a: rabi aka kai su hannun iyalan riƙo da aka horar, rabi aka bar su a tsarin da suke ciki. Tunda ƙuri'a ce ta raba su, ba za a ce gado ne ya bambanta su ba. Waɗanda aka kai gidan riƙo sun fi ɗaya rukunin kaifin fahimta da iya magana da shaƙuwa, kuma waɗanda aka kai kafin su cika shekara biyu su suka fi cin riba. Binciken Michael Rutter kan yaran Romaniya da aka kai Ingila ya nuna irin haka: waɗanda suka bar gidan marayu kafin wata shida, da ƙyar ake bambanta su da sauran yara, waɗanda suka daɗe kuwa wasunsu matsalar ta bi su har girma.

Malam Lawal: Na karɓa, Dakta. Sai dai kada mu ɗauki sakamakon sakaci mafi muni mu ɗora wa uwar da ta daka wa ɗanta tsawa jiya da yamma. Ga kuma ɗaya gefen. Emmy Werner ta bi yara 698 da aka haifa a tsibirin Kawayi na Hawayi a 1955 har suka kai shekara 40. Kusan kashi ɗaya cikin uku sun tashi cikin talauci da rikicin gida ko iyaye marasa lafiya. A cikin waɗannan, ɗaya cikin uku sun girma lafiya lau, kuma abin da ya yi ta maimaituwa a tarihinsu shi ne babba aƙalla guda ɗaya da ya riƙe su da gaske, ko kaka, ko yaya, ko malamin makaranta. Abin da ba a cika faɗa ba kuma, da yawa daga waɗanda suka rikice a ƙuruciya sun daidaita bayan sun haura talatin, ta hanyar aure mai kwanciyar hankali, ko komawa karatu, ko aikin soja, ko shiga jama'ar ibada.

Hajiya Binta: Ni tambayata ta iyaye ce. Duka fa? Ba azabtarwa nake nufi ba, ɗan bugun da ake yi don gyara. Kuma in uwa ta riga ta yi ta tsawa shekara da shekaru, yanzu ta farga, me za ta yi gobe da safe?

Malama Hauwa: Hajiya, a 2016 Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor sun tattara binciken shekara 50 da ya shafi yara sama da 160,000, suka ware bugun ladabtarwa daban da azabtarwa. Ba su ga ya gyara hali ba. Abin da suka gani yana tafiya da ƙarin taurin kai da faɗa da damuwa. In aka koma bayanin Dakta dalilin a fili yake: yaron da ke cikin firgici, ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke ɗaukar darasi ba ya aiki sosai a lokacin. Zai bar abin nan take, amma darasin da ya fi zauna masa shi ne kada a kama shi.

Gobe da safe kuwa, abu biyu. Na farko minti biyar ne a kullum, ga yaro ɗan shekara biyu zuwa bakwai. An samo shi daga wata hanyar jinya da Sheila Eyberg ta tsara. A zauna ƙasa da yaron, shi zai zaɓi wasan. Cikin minti biyar ɗin ba umarni, ba tambaya, ba gyara. Uwa ta riƙa faɗin abin da take gani: “Ka ɗora ja a kan shuɗi.” Ta maimaita abin da ya faɗa. Ta yaba abu takamaimai, kamar “Na ji daɗin yadda ka ajiye shi a hankali,” maimakon “yaron kirki” kawai. Inda aka fi faɗuwa tambayoyi ne. “Wannan wane launi ne?” “Me kake ginawa?” Da an fara su wasan ya koma jarrabawa. Wuri na biyu shi ne a mai da minti biyar ɗin lada, a hana yaro ranar da ya yi laifi, alhali ranar ce ya fi buƙatarsa.

Na biyu, gyara bayan tsawa. A jira har jikin babban ya sauka, kada a je da zafi. A durƙusa daidai tsayinsa. Jimla uku sun isa: “Na yi maka tsawa ɗazu, na san ka tsorata. Fushi ne ya fi ƙarfina, bai kamata in ɗaga murya haka ba. Maganar ruwan da ka zubar kuma tana nan, zo mu goge tare.” Doka ba ta faɗi ba, amma an sauke masa nauyin fushin babba. Abin da ke ɓata wannan shi ne a ƙara da “amma ai kai ka jawo,” ko uwa ta fashe da kuka har yaron ya koma rarrashinta.

Malam Bashir: Madalla. To mu dawo kan babba, ɗan shekara 35, abin ya wuce amma bai sake shi ba. Malam Idris, kai ne ba mu ji ba.

Malam Idris: Ina biye da ku, ranka ya daɗe. Da farko a san yadda abin yake fitowa. Kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a 2022 ya ware wa ciwon wanda ya sha cin zarafi mai tsawo wani rukuni nasa. Ban da alamu uku da aka sani na ciwon firgicin da ke biyo bayan mummunan abu, wato abin ya riƙa dawowa kamar yanzu yake faruwa, da gudun duk abin da ke tunatarwa, da zama cikin shirin haɗari kullum, sai aka ƙara uku: kasa riƙe motsin rai, ko ya yi yawa ko ya mutu mus, ganin kai ba a bakin komai ba tare da kunya da zargin kai, da kasa zama kusa da mutane.

An ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Haka ƙwaƙwalwa take yi, ta haɗa ƙarar takalmi a bakin ƙofa, ko wani ƙamshi, ko shirun mutum, da haɗarin da ya wuce. Duk sanda ya gudu sai ya ji sauƙi, sauƙin kuma ya tabbatar wa ƙwaƙwalwa cewa gudun ne ya cece shi. Bai taɓa tsayawa ya ga tsumma ne ba. Jinyar da ke aiki, tsayawar nan take koyarwa, a hankali, da wani a gefe.

Judith Herman ta tsara abin mataki uku a 1992. Na farko tsaro da natsuwa. In mai cutarwar yana nan yana ci gaba, ba a taɓa maganar tuna baya sai an kare mutum. Sai barci: a tsayar da lokacin tashi guda ɗaya kullum, ko daren bai yi kyau ba. Sai numfashi: a shaƙa ana ƙirga huɗu, a fitar ana ƙirga shida, wato kamar numfashi shida a minti, na minti biyar, sau biyu a rana, kuma a lokacin da ake lafiya, don abin da ba a saba da shi ba ba ya zuwa a tsakiyar firgici. Kuskuren da ake yi shi ne a ce wa mutum “ja dogon numfashi,” ya yi ta zuƙa da ƙarfi da sauri. Iskar kabon da ke jininsa ta ragu, jiri ya kama shi, yatsunsa su fara tsikari, ya ɗauka mutuwa ce ta zo. Fitarwar ce ke kwantar da zuciya, ita za a ja. In abin ya taso kamar yanzu yake faruwa, ido a buɗe, ƙafa a ƙasa, ya ambaci abu biyar da yake gani, huɗu da yake taɓawa, uku da yake ji, sannan ya faɗi ranar yau da shekarunsa da babbar murya.

Mataki na biyu shi ne fuskantar labarin, tare da wanda aka horar. Galibi zama ɗaya a mako, minti 60 zuwa 90, na mako 8 zuwa 16, wanda abin nasa ya yi yawa ya fi haka. Wata hanyar ana maimaita labarin ne har zafinsa ya ragu. Wata, mai zama 12, tana bin jimlolin da suka maƙale: “laifina ne,” “da na yi ihu,” “ba wanda za a amince wa.” A ɗauki “da na yi ihu” a tambaya: shekararka nawa, wa ke gidan, me ya faru ranar da ka taɓa yin magana? Akwai kuma EMDR ta Francine Shapiro, inda ake tuna abin a gajerun zango ana bin yatsan mai jinya, wato ƙwararren da ke yi wa mutum jinyar, da ido hagu da dama. Ana sa mutum ya auna tashin hankalinsa daga sifili zuwa goma. In bai motsa ba sam, yana ba da labari kamar na wani, ba a taɓa komai ba. In ya kai tara ko goma ya ɗauke, ba ya jin ana kiransa, ba koyo yake ba, sake faɗawa ciki ya yi. A tsakiya ake aiki, kuma a bar minti goma na ƙarshe don saukowa, kada ya fita titi da ciwo a buɗe.

Na uku komawa cikin mutane: koyon cewa a'a, neman taimako, jure saɓani ba tare da yanke hulɗa ba.

Malam Lawal: Malam Idris, a nan ma akwai ja. A 2016 masana da dama sun haɗu sun soki wannan tsarin, suka ce ba wata hujja mai ƙarfi da ta nuna dole sai kowa ya bi matakin farko, kuma yakan zama wurin fakewa. Mai jinya yana tsoron labarin, mara lafiya yana tsoronsa, sai a shekara ana numfashi. Wannan ba wani gudun ba ne?

Malam Idris: Gudu ne, kuma ana yin sa. Ni a ganina matakin farko makonni ne, kuma a sa masa wa'adi tun ranar farko. Wanda ke barci daidai gwargwado, yana zuwa aiki, ba ya cutar da kansa, a shiga labarin da wuri. Wanda zan jinkirta wa shi ne mai tunanin kashe kansa a yanzu, mai shan ƙwaya ko giya kullum, mai ɗaukewa ya rasa sa'o'i bai san inda suka tafi ba, da wanda zai koma gida ya tarar da mai dukansa.

Malama Hauwa: Bari in ƙara abubuwan da ke lalata aiki daga waje. Ɗaya, tilasta wa mutum ya zayyana komai a zama ɗaya jim kaɗan bayan abu ya faru. An gwada wannan, bai hana ciwon ba, wasu ma ya ƙara musu. Biyu, ƙwayoyin kwantar da hankali irin su diyazefam. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tun 2013 kada a ba da su don firgici ko rashin barci a watan farko bayan mummunan abu. Suna sa maye da sabo, kuma suna iya hana ƙwaƙwalwa koyon da ake nema. Magungunan ciwon damuwa irin su satiralin daban ne, suna taimaka wa wasu, amma sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin a ga aikinsu, kuma ba a yanke su rana ɗaya sai da likita.

Uku, gaggawar “ka yafe” ko “je ka faɗa musu a fuska.” Duka biyun zaɓin mutum ne, ba sharaɗin warkewa ba. Wanda ya tunkari iyayensa yana jiran su ce “mun yi kuskure,” in suka musanta, sai ya dawo da sabon rauni. Kafin ya je a tambaye shi: in suka ce ƙarya kake, me za ka yi a daren?

Ga yara kuwa, jinyar da ta fi hujja ta 'yan shekara 3 zuwa 18 ce, kuma ana raba zaman ne tsakanin yaro da mai riƙonsa wanda ba shi ya cutar da shi ba. Yaro ya rubuta ko ya zana labarinsa kaɗan-kaɗan, a shirya babban a gefe, ya fara jin labarin daga bakin mai jinya, ya yi kukansa a can, don ranar da yaron zai karanta masa ya iya saurara a natse.

Hajiya Binta: To wanda ya ce shi ba ya tuna komai na yarintarsa, amma yana jin akwai wani abu? A taimaka masa ya tono?

Dakta Rakiya: A'a, Hajiya, kada a tono. Rashin tuna abin da ya faru kafin shekara uku ko uku da rabi haka kowa yake, ba alamar komai ba ne. Kuma tunani ba ya ajiye abu yadda ya faru, duk sanda aka tuno ana sake haɗa shi ne. Elizabeth Loftus ta nuna a shekarun 1990 cewa ana iya sa wasu manya su “tuna” sun taɓa ɓata a kasuwa suna yara alhali bai faru ba, ta hanyar maimaita musu labarin kawai. Tambaya irin “ka tabbata ba wanda ya taɓa ka?” in aka yi ta nanatawa, ko aka haɗa da sa mutum barcin dabo, tana iya haifar da tunanin da zai rusa iyali. Wannan ba ya nufin a ƙaryata wanda ya zo da labarinsa da kansa. A saurare shi. Wanda ba ya tunawa kuwa, a yi aiki da abin da ke gabansa: barcinsa, fushinsa, tsoronsa, hulɗarsa.

Malam Bashir: Tambaya ta ƙarshe daga gare ni. Ta yaya mutum zai san yana samun sauƙi?

Malam Idris: Kada ya auna da mantawa, don ba za a manta ba. Ya samu littafi ya riƙa rubuta abu uku kowane mako: sau nawa abin ya taso, ya kai nawa cikin goma, kuma minti nawa ko awa nawa ya ɗauka kafin ya sauko. Na ukun yakan riga sauran motsawa. Wanda da in aka yi masa magana mai zafi sai ya kwana biyu ba ya cin abinci, yanzu awa uku ya dawo daidai, ya ci gaba ko da yana jin kamar ba abin da ya sauya. Ya kuma sani cewa a makonnin farko na fuskantar labarin mafarkai da ɓacin rai na iya ƙaruwa, kuma a nan mutane da yawa suke daina zuwa. Ya faɗa wa mai jinyar a rage gudu, kada ya ɓace. In an yi zama takwas zuwa goma lambobin nan uku ba su motsa ba, a zauna a sake duba hanyar ko a sauya mai jinya. In kuma tunanin kashe kai ya zo da shiri, ko ya fara cutar da jikinsa, ba a jiran ranar zama: a faɗa wa wani na kusa, a kawar da abin da zai iya amfani da shi, a kai shi asibiti a ranar.